Yaro ya fara tambayoyi a kan Allah, kakarsa ta ce rashin kunya ne

Maman Uku: Salama gare ku 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga iyayenmu da ke cikin guruf ɗin nan. Babban ɗana shekararsa 14, tun yana ƙarami ba ya fashin makarantar Lahadi, ayoyin da ke kansa sun fi ƙarfin lissafi, amma kwanan nan ya shiga wani hali na tambayoyi. Da an zauna addu'ar dare sai ya ɗaga hannu kamar a aji, wai in Allah ya san Adamu zai ci 'ya'yan itacen nan me ya sa ya dasa shi a gonar tun farko, wai kuma mutanen da suka mutu ba su taɓa jin sunan Yesu ba ina za su. Mahaifiyata tana zaune da mu, ita kam ta yanke hukunci, ta ce rashin kunya ne kuma waya ce ta lalata shi, a zamaninsu ba a yi wa Allah tambaya, in an ce ka haddace sai ka haddace. Ni kuma ina ganin in na tsawata masa shiru kawai zai yi ya kai tambayar wani wuri. To yanzu hanyar da iyayenmu suka bi da mu ita za mu bi da namu, ko akwai abin da ya kamata ya canza?

Baba Dattijo: 'Yata, mahaifiyarki ta fi ki gaskiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da kike gani an tashe mu da asuba ne ana waƙa da karatu ko kana so ko ba ka so, barci na ɗibarka ana cewa ka maimaita aya, ga mu nan har yau ba mu bar Ubangiji ba. Ku 'yan zamani kun mai da yaro abokin shawara, komai sai an lallaɓa shi, shi ya sa muke ganin abin da muke gani. Ki karanta Karin Magana 22:6, ba a ce ki yi muhawara da yaro ba, an ce ki koya masa hanyar da zai bi.

Malamar Lahadi: Baba da girmanka, ni zan fara da wani ɓangare daban kafin a zo kan tanƙwarawa. Maman Uku ki gode wa Allah ma kuna zama addu'ar dare a gidanki, yawancin yaran da ke zuwa ajina daga Lahadi sai Lahadi suke jin sunan Allah a bakin babba. Awa 168 ke cikin mako, mu awa ɗaya ake ba mu, a cikin awar ma sai an raba faɗa an kai wannan bayan gida an share wa wancan hawaye, abin da ya rage na koyarwa bai fi minti ashirin ba, amma da yaro ya lalace sai ka ji iyaye na cewa me malaman Lahadi suke yi. Akwai uban da ke kawo yaransa ƙofar coci ya sauke su ya juya mota, sai an tashi ya dawo ɗauka. Me kake tsammani yaron ya koya? Ya koyi cewa coci wurin yara da mata ne, ranar da ya girma shi ma zai huta kamar babansa.

Ɗalibin Tauhidi: Malama kin taɓo wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Makarantar Lahadi fa ba ta daɗe ba in aka kwatanta da shekarun ikkilisiya. Wanda aka fi sani da yaɗa ta shi ne Robert Raikes, mai gidan jarida a garin Gloucester na Ingila, wajen 1780, kuma ba don 'ya'yan masu zuwa sujada ya fara ba, don 'ya'yan talakawa ne da ke aikin ƙarfi kwana shida a mako ba makaranta, ranar Lahadi kaɗai suke da ita, sai aka tara su ana koya musu karatu da Littafi Mai Tsarki. Wato sama da shekara 1700 Kirista suna miƙa bangaskiya ga 'ya'yansu ba wannan tsarin. Abin da aka kafa don taimakon yaran da ba mai koya musu a gida, mu kuma muka mai da shi dalilin daina koyarwa a gida.

Fasto Mai Ritaya: Salama. Na karanta duka, kuma ina so in koma kan tambayar yaron nan domin a nan maganar take. Dattijo ɗan'uwana, mu duba yadda Allah da kansa ya tsara koyar da yara a Isra'ila. A Fitowa 12:26 wajen Idin Ƙetarewa, abin da aka faɗa wa iyaye shi ne sa'ad da 'ya'yanku suka tambaye ku ma'anar wannan hidima, ga abin da za ku ce. Fitowa 13:14 haka, Maimaitawar Shari'a 6:20 haka. A Joshuwa 4 bayan sun haye Urdun aka ce mutum goma sha biyu kowa ya ɗauko dutse daga tsakiyar kogin a kafa su, kuma an faɗi dalilin a fili, don wata rana yara su gani su ce me duwatsun nan suke nufi. Kun gani, Allah bai jira yaro ya yi tambaya a kan kuskure ba, shi ya shirya abin da zai jawo tambayar. To gidan da yaro ba shi da izinin tambaya, an rufe ƙofar da Allah ya buɗe da hannunsa. 'Yata, ɗanki bai lalace ba, ya kai shekarun da abin da aka zuba masa yake so ya zama nasa ne. Ni wanda nake jin tsoro shi ne yaron da ke cewa amin ga komai idonsa na kan agogo.

Baba Dattijo: Fasto ranka ya daɗe, ban ƙi taka ba amma akwai bambanci. Yaran Isra'ila tambayar ma'ana suke yi, Baba mene ne wannan. Wannan kuwa tuhumar Allah yake, me ya sa ka yi kaza. Ba ɗaya ba ne.

Fasto Mai Ritaya: Gaskiya ne ba ɗaya ba ne, amma ita ma ta biyun tana cikin Littafin. Habakuk da me ya buɗe littafinsa in ba har yaushe zan yi ta kira ba ka ji ba? Zabura 13 fa? Ayuba surori nawa ya yi yana tambaya, kuma a ƙarshe abokansa masu kare Allah da baki ne aka tsawata wa a sura 42. Toma ya ce sai ya gani, Yesu bai kore shi ba, ya nuna masa hannuwansa. In akwai raini a muryar yaro a gyara rainin, wannan tarbiyya ce, amma tambayar kanta a amsa ta.

Ɗan Gidan Fasto: Ku yi haƙuri iyaye zan faɗi abin da ba a so a ji. Ni a gidan mai hidima na tashi, addu'ar safe da ta dare ba fashi, gasar haddar aya kuwa in na shiga sauran su nemi na biyu, amma da na shiga jami'a na daɗe ban taka coci ba, kuma ba wani malamin jami'a ko bidiyon intanet ne ya fitar da ni ba. Abin da na gani a gida ne. Mutum ya tsaya a bagade ya yi wa'azin ƙauna da gafara jama'a na share hawaye, a hanyar komawa gida tun cikin mota ya fara zagin dattawan da ya gama gaisawa da su da fara'a, a isa gida kowa ya shige ɗaki don an san in ransa a ɓace yake ba mai sakewa. Ban taɓa jin ya ce wa mamanmu ko ɗayanmu yi haƙuri ba, ko sau ɗaya. Yaro ba wawa ba ne fa, yana haɗa abin da ya ji da abin da ya gani, in ba su zo ɗaya ba abin da ya gani zai ɗauka. Baba Dattijo ka ce ku kun tsaya, Allah ya ƙara ƙarfi, amma ka ƙirga sa'o'inka da aka tashe ku tare da asuba, nawa suka rage?

Baba Dattijo: Yaro ka yi magana a hankali.

Ɗan Gidan Fasto: Ban yi don raini ba Baba, ka gafarce ni in ta yi zafi.

Admin: A ci gaba cikin ladabi don Allah, maganar na da amfani kada mu ɓata ta.

Ɗalibin Tauhidi: Abin da ɗan'uwa ya faɗa akwai binciken da ya yi daidai da shi. Wani malamin jami'a a Amurka, Vern Bengtson, ya bi iyalai sama da 300 a California na kusan shekara 35, daga kakanni zuwa jikoki har tattaɓa kunne, ya fitar da sakamakon a 2013. Cikin manyan abubuwan da ya gano, yawan ibadar iyaye kaɗai ba ta isa ba, kusanci da sakin fuska tsakanin yaro da iyaye, musamman uba, yana da babban tasiri a kan ko yaro zai riƙe addinin gidansu. Uba mai tsananin ibada amma marar sakin fuska mai nisa da yaransa ya fi fuskantar su bar hanya. Ya kuma gano kakanni suna da tasiri fiye da yadda ake zato. A Amurka aka yi, ban ce ko'ina haka yake daidai wa daida ba, amma ai Bulus ya riga shi faɗa, Afisawa 6:4 kafin ya ce a goye su cikin horon Ubangiji sai da ya fara cewa ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, a Kolosiyawa 3:21 ya ƙara da dalili, don kada su karai. Mun fi son aya ta 1 ta Afisawa 6 ne kawai saboda ita yara take umurta.

Kaka Mai Jikoki: Jikata ce ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na ji ana ta sukar hadda kamar ita ce laifin, to ku tsaya. Uwata ba ta iya karatu ba ko harafi ɗaya, amma Addu'ar Ubangiji da Dokoki Goma da Shaidar Bangaskiya a bakinta na koya, tana aiki tana waƙa muna amsawa, ba mu san ma koyarwa ake yi ba. Lokacin ban gane rabin abin da nake faɗa ba, sai da na yi aure na binne ɗa na fari sannan kalmomin suka buɗe mini ɗaya bayan ɗaya. Da ba a zuba su ba me zai buɗe? Maigidana kafin Ubangiji ya kira shi ciwon mantuwa ya kama shi, 'ya'yansa su shigo ya dube su kamar baƙi, ya tambayi babbar 'yarsa ke 'yar wace ce, amma in na zauna bakin gado na fara Zabura 23, Ubangiji makiyayina ne, sai bakinsa ya fara motsi ya kai ta har ƙarshe ba tuntuɓe. Abin da aka sa masa yana ɗan shekara bakwai ne ya rage masa. Saboda haka ku amsa wa yara tambaya, ban hana ba, amma kada ku daina sa su hadda. Ke kuma Maman Uku kada ki raina uwarki a gaban yaron, tsoro ne ya sa ta faɗi haka, tana ganin jikanta zai kuɓuce mata.

Maman Uku: Kaka na gode, wannan ta shige ni. Gaskiya tsoro ne, don ƙanena haka ya fara kafin ya daina zuwa sujada gaba ɗaya.

Katikis: Salama ga kowa. Ni ina ganin Kaka da Fasto ba saɓani suke ba, domin tsohuwar hanyar ikkilisiya ta haɗa biyun, katikizim ai tambaya da amsa ne, ana yi wa yaro tambaya ya amsa da ka, daga baya a buɗe masa ma'ana. Kuma a kan ƙarfin gida, akwai labarin Kiristan Japan da nake yawan ba 'yan ajina. A 1614 gwamnatin ƙasar ta haramta addinin Kirista ta kori masu bishara, aka kashe da yawa, har ya zama ba limamin coci ko ɗaya a ƙasar. Sama da shekara 200 ba fada ba coci ba makaranta. Amma a wasu ƙauyuka iyalai suka ci gaba a ɓoye, akwai mai yin baftisma, akwai mai riƙe lissafin ranakun idi, addu'o'i kuma daga baki zuwa baki. A 1865 da aka gina coci a Nagasaki don baƙi 'yan ƙasashen waje, sai ga wasu mutanen ƙauye sun zo wurin Fada Petitjean a asirce suka gaya masa bangaskiyarsu ɗaya da tasa. Ba a ɗage haramcin ba sai 1873. Wa ya riƙe abin duk tsawon nan in ba iyaye da kakanni ba?

Ɗalibin Tauhidi: Malam Katikis labarin gaskiya ne amma ka bar rabinsa. Da yake ba Littafi a hannunsu ba kuma mai bayani, addu'o'in da suka gada na Latin da harshen Fotugal sun rikiɗe a baki har masu yin su ba su san me suke cewa ba, wasu koyarwar suka gauraye da na addinan da ke kewaye da su, kuma da 'yanci ya zo wasu ƙin komawa coci suka yi, suka ce abin kakanninsu ne na gaskiya. Wato labarin yana goyon bayan Kaka yana kuma gargaɗinta. Hadda tana riƙe kalmomi, amma in tsara uku suka wuce ba wanda ya tambayi ma'ana, kalmomin ne kaɗai za su rage. Shi ya sa nake son yadda Martin Luther ya yi. A 1528 ya zaga ikkilisiyoyin ƙauyukan Saxony a Jamus ya tarar mutane suna karɓar Jibin Ubangiji amma ba su iya Addu'ar Ubangiji ko Dokoki Goma ba, har wasu fastocin ma ba su iya koyarwa ba, sai ya rubuta ƙaramin katikizim a 1529, kuma a kan sassansa ya rubuta cewa ga yadda maigida zai koya wa iyalinsa. Maigida fa, ba fasto ba. Bayan kowace doka kuma sai tambaya ta biyo, me wannan yake nufi.

Katikis: Na yarda da wannan ƙarin. Mu ma matsalar da muke gani ke nan, yaro ya haddace don ya ci jarabawar karɓar Jibi na farko, da an yi biki an ɗauki hoto shi ke nan sai ranar aurensa.

Uwar Marayu: Ina ta karantawa ina jin ana cewa uba, uba, maigida. To mu da mazanmu suka rasu, ko waɗanda mazansu na nan amma ba ruwansu da addini, yaranmu sun ɓace ke nan? Ni kaɗai nake fita nema, in dawo a gajiye, wani dare ina fara addu'a barci ke kwashe ni a durƙushe sai yaran su tashe ni.

Fasto Mai Ritaya: A'a 'yata, ko kusa. Timoti ubansa Bahelene ne, Ayyukan Manzanni 16:1 ta faɗa, kuma da Bulus ya tashi faɗin inda bangaskiyarsa ta fito a 2 Timoti 1:5 kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya ambata, bai ambaci uban ba. A 3:15 ya ce tun yana jariri ya san Littattafai, wa ya koya masa? Kuma yaran da suke tashin uwarsu daga barci a durƙushe, kada ki ɗauka ba su koyi komai ba a daren. Sai dai nan ne aikin ikkilisiya yake, maza masu tsoron Allah su ja yaran nan a jiki, ba sai ranar rabon kayan Kirsimeti a tuna da marayu ba.

Mama Mai Haƙuri: Fasto ni tawa ta fi nauyi. Duk abin da ake faɗa a nan mun yi, ni da babansu, addu'a, karatu, zama da su, ba mu kasance masu fuska biyu ba iyakar saninmu. Yara huɗu, uku suna cikin Ubangiji, ɗaya ya ce shi bai gaskata da komai ba yanzu, ya kai shekara 30. Duk ranar da aka karanta Karin Magana 22:6 a coci ji nake kamar da ni ake, tunda an ce ba zai rabu da hanyar ba in ya tsufa, ke nan ni ce ban koya daidai ba. Har a zumuntar mata akwai masu yi mini kallon haka.

Fasto Mai Ritaya: Mama ki saurare ni da kyau. Littafin Karin Magana yana faɗin yadda rayuwa ta saba tafiya ne, ba takardar yarjejeniya ba ce da za a ce in kin yi kaza dole kaza ya fito. Littafin nan ya ce mai ƙwazo yakan wadata, amma kin san masu ƙwazo da suka mutu da talauci. Dubi Sama'ila, annabin da tun yana yaro Allah ya yi magana da shi, 'ya'yansa Yowel da Abiya cin hanci suka yi har jama'a suka ce a naɗa musu sarki, 1 Sama'ila 8. Eli an tsawata masa don ya san abin da 'ya'yansa ke yi bai hana ba, amma ba mu ga an ɗora wa Sama'ila irin wannan laifin ba. Hezekiya sarki nagari, ɗansa Manassa ya hau mulki yana shekara 12 ya yi shekara 55 a kai, har ɗansa ya miƙa a wuta. Shi kuma Hezekiya ɗan mugun sarki Ahaz ne, Yosiya da ya hau yana shekara 8 ya gyara ƙasa ɗan mugun sarki Amon ne. Bangaskiya ba a gadonta kamar gona, kowane tsara sai ya karɓa da kansa. Kuma Manassa ɗin nan, 2 Tarihi 33 ta ce a ƙarshe ya ƙasƙantar da kansa ya juyo, lokacin ubansa ya daɗe a kabari bai gani ba. Masu yi miki kallo a zumunta su je su karanta.

Katikis: Mama ki tuna da Monika uwar Agustin, babban malamin ikkilisiya na dā. An haife shi a 354 a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya bar koyarwar uwarsa ya bi wata ƙungiya kusan shekara tara, ya tsallake teku ya bar ta tana kuka, sai a 387 Bishop Ambrose ya yi masa baftisma a Milan yana shekara 32, a shekarar kuma ta rasu. Naki 30 ne, kada ki rufe masa ƙofa, kada kuma kowace gaisuwa ta zama wa'azi har ya daina ɗaga wayarki.

Mama Mai Haƙuri: Amin. Ta ƙarshen nan babansa ya kamata ya ji, zan nuna masa.

Baba Dattijo: Na ji duka, amma ni dai a kan abu ɗaya ba zan motsa ba. Muddin yaro yana ƙarƙashin rufina zai je sujada, ko yana so ko ba ya so. Ba a tambayar yaro ko yana son zuwa makaranta. Mahukunta 2:10 ta ce wani tsara ya taso wanda bai san Ubangiji ba ko ayyukan da ya yi wa Isra'ila, tsara ɗaya tak bayan Joshuwa, kuma sakaci ne ya kawo haka ba tsanani ba.

Ɗan Gidan Fasto: A kan wannan kam Baba ban yi maka musu ba, ɗan shekara 14 a kai shi. Ƙafarsa za ka iya kaiwa, sauran kuma sai ya ga wani abu a wurinka da zai sa ya so.

Malamar Lahadi: Ga masu tambaya ta inbos yadda za su fara a gida, ba sai an yi dogon abu ba, dogon ne ma ke kashe shi, uba ya kama wa'azin minti arba'in yara na gyangyaɗi gobe kowa na neman hanyar gudu. Ɗan gajeren karatu, a bar yaro ya karanta da bakinsa, a tambaye shi me ya ji, waƙa ɗaya, addu'a kowa ya sa baki ko jimla ɗaya ce. Maimaitawar Shari'a 6:7 ma ba ta ce a kafa aji ba, ta ce a yi zancen in ana zaune a gida, in ana tafiya a hanya, in za a kwanta, in an tashi, wato cikin hidimar yau da kullum. Kuma waya da ake ta zagi, in kun karɓe ta yaro lokacin addu'a ku ajiye taku ma, suna ganinku kuna leƙa saƙo ana tsakiyar waƙa.

Ɗalibin Tauhidi: Akwai dabarar da Yohanna Chrysostom ya ba iyaye, mai wa'azin Antakiya da ya rasu a 407. Ya ce ka ba yaro labarin Kayinu da Habila da daɗin baki kamar tatsuniya, uwa na kusa tana sa baki, ka maimaita wani dare, sannan wata rana ka ce yau kai za ka ba ni, in ya iya sai ka kai shi coci ranar da za a karanta wurin, za ka ga yana murna don ya riga kowa sani. Susanna Wesley kuma, uwar John da Charles Wesley, da yawan 'ya'yanta ta ware wa kowane yaro lokacinsa shi kaɗai a mako, na John ranar Alhamis ne, har ya girma yana tuna wannan zaman. Ina ganin yaro mai tambaya irin wannan ya fi bukatar zaman mutum biyu, ba a gaban ƙannensa da kakarsa ba inda kowa ke jin dole ya kare matsayinsa.

Maman Uku: To Fasto in na zauna da shi ɗin me zan ce a kan itacen da kuma waɗanda ba su ji bishara ba?

Fasto Mai Ritaya: Ku buɗe Farawa 2:16-17 tare ki bar shi ya karanta, ya lura dukan itatuwan gonar aka ba su, ɗaya kaɗai aka hana, sai ki tambaye shi ko biyayyar da ba ta da hanyar ƙi biyayya ce, ko ƙaunar da aka tilasta ƙauna ce. Ki bar shi ya yi ta juyawa, ba sai kin ci gardamar a daren ba. Na biyun ku duba Romawa 2:12-16 a kan shari'ar da ke rubuce a zuciya, da tambayar Ibrahim a Farawa 18:25 cewa mai shari'ar dukan duniya ba zai yi daidai ba? Ki gaya masa gaskiya cewa masana na ikkilisiyoyi dabam dabam sun daɗe suna tattauna wannan kuma ba duka bakinsu ya zo ɗaya ba, abin da muka tsaya a kai shi ne ceto ta wurin Almasihu yake, Allah kuma ba ya zalunci. In ya kawo wadda ta fi ƙarfinku ku rubuta ta ku kai wa fastonku tare, shi ma ya ji ɗumi kaɗan.

Malamar Lahadi: Hhh Fasto za ka haɗa mu da fastocinmu. Amma tunda maza sun yi ta magana mai daɗi yau, ajin 'yan shekara 12 zuwa 16 a yawancin cocinmu mata ne ke riƙe da shi, samarin kuma da sun fara gemu sai su zame. Baba Dattijo, Ɗalibi, har da kai Ɗan Gidan Fasto tunda ka san inda abin ke yi musu ciwo, wa zai je wurin shugaban makarantar Lahadin cocinsu wannan makon ya ce a ba shi ajin?